Sunan Ɗan Zuwaira

Ku gyara zama, amma kada kowa ya sa ran dariya a wannan labari.

Wata shekara baƙon zazzaɓi ya sauka a wani gari na bakin kogi. Likitoci suka ce bairos ne, ba shi da magani. Aka rufe hanya, ba shiga ba fita. Zuwaira na da tsohon ciki sa'ad da cutar ta kashe mijinta, sannan ta kwantar da ita. Yayyenta maza uku ne kaɗai suka rage mata.

Babbansu, Nafi'u, aikinsa binciken jini. Ya duƙufa har ya gano cewa cutar ba ta iya yaɗuwa sai ta wata ƙofa da jikin mutum da kansa yake buɗe mata, kuma wani tsohon maganin ciwon zuciya yana toshe wannan ƙofa.

Ya ce wa ƙannensa, "Mu bar bin cutar, mu rufe mata ƙofa."

Daga jinin da yake aunawa ya kamu. Zuwaira na cikin magagin zazzaɓi aka kai shi makwancinsa.

Maganin kuwa ya ƙare a garin, sai a wurin na biyun, Shitu, wanda da shi zuciyarsa ke tafiya tun yana saurayi. Ya juye duk abin da ya rage masa a tafin ƙaninsu Mamuda.

Mamuda ya ce, "Yaya, kai fa?"

"Ina da wasu a gida."

Ba shi da su. Kafin a buɗe hanya zuciyarsa ta tsaya.

Mamuda ma'aikacin jinya ne. Maganin ba ya yi wa cutar aiki sai an sha da yawa, kuma ba wanda ya san inda yake komawa guba. Sai ya fara da kansa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ranar da ganinsa ya dushe bai dawo ba. Daga nan aka san iyaka, aka ba Zuwaira ƙasa da haka.

Ta tashi, ta haifi namiji. Sai a lokacin aka gaya mata komai. Ta zauna da jaririn a cinya, tana jin Mamuda a tsakar gida yana laluben buta. Da liman ya aiko yana tambayar sunan da za a raɗa, sai ta juya fuskarta bango.

Yaro ɗaya ne, suna ɗaya zai ci. To, ku da kuka saurara, sunan wa ya kamata a sa masa a cikin ukun nan?