Saniyar da Ta Cinye Takardar Gayyata

Akwai wani manomi, Diedrich Wiebe, a wani ƙauyen Menonawa, wata ɗariƙar Kiristoci manoma, da ke gabashin ƙasar Bolibiya. Titi ɗaya ne a ƙauyen, gidaje ashirin a jere, nasa ne na ƙarshe. Maƙwabci ɗaya tal Allah ya ba shi, Kornelius Fehr, shi ma Diedrich gani yake ya yi yawa.

Shekara bakwai ba sa magana, tun ranar da saniyar Kornelius ta shiga dawar Diedrich. Saniyar ta daɗe da mutuwa. Fushin kuwa yana nan lafiya lau.

A ƙauyen, duk sanarwa takarda ɗaya ce, ko ta dagaci ce ko ta jana'iza. Ka karanta, ka kai wa gida na gaba hannu da hannu. Diedrich dai ƙusa ya kafa a shingen tsakaninsu, can yake soke takarda ya juya.

Da aka sa ranar baikon 'yarsa Aganetha, ya rubuta gayyata da jerin sunayen dangi na ƙauyuka uku.

Matarsa Susana ta ce, "Diedrich, wannan karon ka miƙa masa a hannu."

Ya ce, "Ƙusar ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ran Asabar ɗin baikon da safe, an gasa burodi, an jera bencina, sai ya je tatsa. A gindin shingen ya tsinci wani guntun takarda da aka tauna, ga rubutunsa a jiki. Saniyarsa tana kallonsa, babu alamar nadama.

Ya koma gida ya tarar da Aganetha tana goge kofuna.

"Baba, kana ganin za su isa?"

Ya dubi kofunan. "Za su isa," ya ce, da ƙyar.

Ya fita ya tsaya a bakin titi, yana neman yadda zai gaya mata ba wanda zai zo. Can sai ya ji takun dawakai. Kekunan doki ne a jere, sun fi waɗanda ya gayyata yawa. Kornelius ne a gaba.

Ya sauko ya miƙa masa rabin takarda. "Maƙwabci, wannan na ƙwato daga bakin saniyarka. Rana da lokaci sun tsira, sunayen ta haɗiye."

Diedrich ya karɓa, Kornelius ya ci gaba:

"Kwana biyu na yi ina zagaya ƙauyuka ukun nan. Tunda ban san wa ka cire ba, sai na gayyaci kowa."

"Kowa?"

"Har surukarka. Ka yafe mini."

Diedrich ya yi gyaran murya. "Burodin ba zai isa ba."

"Matata ta san halinka. Kwando shida ne a baya."

Diedrich ya daɗe yana juya hularsa a hannu, kafin ya ce, "Dawar nan ma, a gaskiya, ba ta yi kyau ba a shekarar."

"Haka saniyata ta ce."

Kofunan ba su isa ba, aka riƙa shan kofi bi da bi. Washegari, ran Lahadi, Diedrich ya zare ƙusar, wai yana bukatarta a wani aiki.

Darasi: Kada ka bar girman kai ya tsaya tsakaninka da maƙwabcinka, domin ranar da ta ɓaci, ta ƙofarsa saƙonka zai bi. Ku tura wa wasu su karanta, musamman wanda kuka daina gaisawa da shi.