Tsakuwar Sarki Tunau

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan kogin da ba a hango gaɓarsa, an yi wani sarki mai suna Tunau, mai dawaki da garuruwa, wanda duk mulkinsa bai kai masa darajar 'yarsa tilo, Gimbiya Tasalla ba.

A fadarsa akwai wani faifan tagulla da wani tsohon aljani, Durgu, ke tsaro. Wasa ake yi a kansa. Mutane su kewaye shi, wannan ya zama mayaƙi, wancan matsafi, aljanin yana jan labari, yana tambayar kowa abin da zai yi. Wanda ya faɗi nufinsa sai ya jefa tsakuwa mai fuska shida. In ɗigo ya fito da yawa ya yi nasara, in kaɗan ne ya sha ƙasa.

Wata rana Gimbiya ta roƙi aljanin ya saka ta cikin labarin ta gani da idonta. Ya gargaɗe ta cewa ba fita sai labari ya ƙare, ta ce ta ji. Nan take ta koma 'yar mitsitsiya, kulle cikin wata hasumiya da ke tsakiyar faifan.

Sarki ya zauna da kansa, ya ɗauki matsayin matsafi mai sandar wuta. To, al'adar fadar nan ita ce sarki ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Duk sanda ya jefa, kafin tsakuwa ta gama gangarawa Waziri ya rufe ta da hannun riga, ya juya ta, fadawa su ce shida ce. Aljanin kuwa sai ya yi shiru, labari ya tsaya cik. Kwanaki suna tafiya, jikin Gimbiya yana komawa tagulla, daga tafin ƙafa har ya kai ƙugu. Sarki ya rame, yana mamakin yadda kullum shi ke nasara, ƙofar hasumiya kuwa ko motsi.

Ana haka wani baƙon yarima mai suna Barmo ya sauka a garin, aka ba shi matsayin mayaƙi. Bai san al'adar fadar ba. Da Sarki ya jefa, Waziri ya miƙa hannu, sai Yarima ya ce cikin ladabi, "Allah ya ja zamanin Sarki, ɗaya na gani."

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya sunkuyar da kai, nan Sarki ya gane abin da aka daɗe ana yi masa. Girman sarauta ya so ya hana shi yarda. Sai ya hango 'yarsa ta tagar hasumiya, tagulla ta kusa ƙirji.

Ya ce, "Janye hannunka, Waziri. Ɗaya ce."

Sai Durgu ya buɗe baki ya ci gaba da labari: sandar matsafi ta karye, wutarsa ta mutu, ya faɗi a bakin hasumiya, tsoho marar ƙarfi. Aljanin ya tambayi Sarki me zai yi yanzu.

Sarki ya ce, "Ba ni da sauran dabara. Ƙarfi na Allah ne. Zan zauna a ƙasa in kira sunan 'yata."

Ya kira ta. Daga ciki ta amsa, tagullar ta saki jikinta, ta bi muryar ta gangaro cikin duhun matakala har ta lalubo sakata, mayaƙin Yarima ya sa kafaɗa ya tura ƙofar. Sai ga Gimbiya tsaye a kan kilishin fada, jikinta ɗumi, ta faɗa ƙirjin mahaifinta.

Da ta ji yadda aka yi, ita da kanta ta ce Yarima Barmo take so, aka ɗaura aure, gari ya sha biki. Waziri ya zo neman gafara, Sarki ya yafe masa, amma ya umarce shi da ya riƙa naɗe hannun rigarsa duk sanda zai shigo fada.