Awaki da Turakansu

Kun taɓa bin ƙa'ida sau da ƙafa, amma aiki ya fito a karkace? Ni dai haka kwamfuta ta yi mini a makon nan, har ta tuna mini da wani misali.

Akwai wani mutum mai awaki, kowace da turkenta. Da zai tafi biki wani gari, sai ya bi turakan ɗaya bayan ɗaya. Na akuyar da zai riƙe ya shafa masa farar ƙasa, na wadda zai sayar ya shafa gawayi. Ya aika wa dillali cewa ya zo ya kwance na turakan gawayi. A cikinsu akwai wata mai nono, da nononta ake shayar da jikansa maraya. Turkenta ya sha farar ƙasa har sau biyu.

Da safe matarsa ta kwance awakin domin ta yi shara, ta mayar da su yadda hannunta ya kama, ba kowace a turkenta ba. Dillali ya zo, ya dubi turaka, ya kwashe.

Mutumin ya dawo ya tsaya baki buɗe. "Ina mai nonon?"

Matar ta ce, "Maigida, ba kai ka sa a sayar ba?"

"Ni? Ga turkenta nan fari fat!"

"To, sai ka tatsi turken," in ji ta. Jariri kuwa yana ta tsala kuka a ɗaki.

Ya rasa wa zai kama. Shi ya shafa daidai, dillali ya bi daidai, shara kuma ba laifi ba ce.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Mu masu rubuta wa kwamfuta umarni mukan ba ta jerin abubuwa, a gefensa jerin "gaskiya" da "ƙarya". Abin da ya faɗo daidai da "gaskiya" ta riƙe, sauran ta zubar. Ba ta duban abin, gurbinsa take duba. Abu ɗaya ya gusa, shi ke nan, an zubar da mai kyau.

Mu ma fa haka muke! Mun shafa wa wani gawayi tun shekarun baya: mashayi ne, ɗan gidan wane ne. Mutumin ya tuba, Ubangiji ya matsar da shi, mu muna nan muna karanta tsohon turke.

Wa kuka daina gaisarwa a ikilisiyar nan? Kafin Lahadi mai zuwa, ku je gidansa, ku zauna, ku dube shi da kyau.