Giyar da Doka Ta Ce Ba Ta Bugarwa

Akwai wata baiwar Allah mai suna Opal Tackett, a wani ƙauyen manoman alkama na jihar Oklahoma a ƙasar Amurka, zamanin da jihar ta haramta sayar da barasa. To amma dokar ta bar 'yar ƙofa. Duk giyar da ƙarfinta bai wuce kashi uku da ɗigo biyu cikin ɗari ba, a wurin doka ba ta bugarwa, ana sayar da ita a kanti kusa da lemo.

Mijinta Orval tsohon mashayi ne. Ya taɓa miƙewa a coci gaban jama'a ya rantse ya bar barasa har abada. Kuma ya bari. Sai ya koma wa 'yar giyar nan, yana kwankwaɗar ta tun hantsi kamar ruwan randa.

Jama'a, abu kaɗan in aka yi ta tara shi ai yawa yake yi. Kafin rana ta karkata Orval ya yi tatul, ido jajur, harshe ya yi nauyi.

"Baban Nadine, ka dubi Allah ka rage," in ji Opal. "Jiya da tarakta ka ture shingen kaji."

Ya tuntsire da dariya. "Ke Opal, kin fi 'yan majalisa sani ne? Manyan mutane masu kwat sun zauna sun ce wannan ba ta bugarwa. Ke da tukunyar wakenki za ki ce ba haka ba? Shingen ne dai ya tsufa."

Bakinsa ya fi ƙarfinta. Sai ta wanke ƙafa ta tafi wurin mai kanti, Elbert Crump, ta roƙe shi ya daina sayar wa mijinta.

"Haba uwargida," ya ce yana goge teburinsa. "In na hana shi, ya je kantin gaba. Ni ban karya doka ba. In kina da magana, ki kai wa gwamna."

Ta je wurin fasto. Ya saurare ta tsaf, ya yi ajiyar zuciya, ya ce rantsuwar da Orval ya yi a kan barasa ce, kuma har yau ba a gan shi da ita ba. Ya ce za su sa shi a addu'a. Ɗan sandan gari kuwa cewa ya yi sai mutum ya yi ɓarna ake kama shi.

Opal ta dawo gida ta zauna a bakin ƙofa ta yi ta kuka. Tana ganin abin da zai faru ƙiri-ƙiri, amma ba wanda zai taya ta tare shi.

Ana nan girbi ya zo. Injin girbinsu tarakta ke jan sa: mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na tsaye a kan injin yana ɗaure buhunan alkama. Wanda suke ɗauka haya duk shekara ya zo, ya ga Orval yana loda kwalabe a bokitin ƙanƙara, ya sa hularsa ya ce, "Maigida, ina da iyali. Ka nemi wani."

Ba wanda ya yarda ya maye gurbinsa. Alkama ta nuna har ta fara zuba, hadari kuma na haɗuwa a yamma. In aka yi ruwa da ƙanƙara, abincin shekara ya tafi.

Opal ta zubar da kwalaben a bayan gida. Ya shiga mota ya sayo wasu. Ta ɓoye makullin tarakta, ya haɗa wayoyi ya tayar da ita.

"To zo mu je," ta ce. "Ni zan ɗaure buhun. In na ga kana gyangyaɗi, sai in yi maka ihu."

"Yauwa, matar kirki! Ki ga aiki yau."

Rana na dukan su, ƙura na shaƙe su. Tana ɗaure buhu, ido ɗaya a kan ƙeyarsa. Da tsakar rana ta ga kansa ya langaɓe, tarakta ta nufi kwalbati.

"Orval! Orval!"

Ya farka a firgice ya fizgi sitiyari. Injin ya yi tsalle. Opal ta tafi za ta faɗi, ta kai hannu don ta kama wani abu, ashe sarƙar injin ta kama.

Maƙwabta suka kai ta asibiti. Likita ya ceci ranta, amma hannun dama bai cetu ba, sai da aka yanke shi. Suna can aka yi ruwan, alkamar ta kwanta a ƙasa.

Tun ranar Orval bai sake taɓa kwalba ba. Ba fasto ya hana shi ba, ba ɗan sanda ba. Kowace safiya shi ke sa mata maɓallin riga, shi ke taje mata kai, ba ya iya haɗa ido da ita.

Matan coci suka zo dubiya, wata ta ce, "Ki gode Allah, 'yar uwa, kin samu abin da kika daɗe kina roƙo."

Opal ta dubi hannun rigarta da aka naɗe aka soke da fil.

"Na samu," ta ce. "Amma da baki na roƙa, ban ce a karɓi hannuna ba."

Darasi: Doka na iya halatta abu a takarda, amma ba ta canza abin da yake yi wa jiki da hankali. Kada ka fake da "ai ba a hana ba" alhali na gidanka suna kuka. Mai taurin kai ba kullum shi ke biyan kuɗin taurin kansa ba, sau da yawa wanda ya fi ƙaunarsa ne. Ku tura wa wanda kuka san ana yi masa magana yana dariya.