Hannun da Ya Fara Rawa

Akwai wani tsohon likitan haƙori a cikin garin Yola, sunansa Dokta Bobboyi. Shekara talatin da ɗaya yana cire haƙori yana koyar da ɗalibai. Ya iya aiki, kuma ya san ya iya, wannan ce matsalarsa. In ya fara ba ka labarin hannunsa, sai ka nemi wurin zama.

Da makarantarsu ta kawo na'urar koyon aiki, ba wanda ya kai shi tsanarta. Kwamfuta ce mai allo da abin riƙewa kamar biro. Ɗalibi zai ga haƙori a allon, ya ji taurinsa a hannu kamar da gaske yake huda shi. In ya zarce ya taɓa jijiya sai allon ya yi ja, kuma ta ajiye kuskuren da sunan mai shi.

A taron malamai ya ce, "Haƙorin da ba ya jini ai ba haƙori ba ne. Mu a bakin mutane muka koya."

Dokta Fibi, ƙaramar malamar da aka damƙa wa na'urar, ta ce cikin ladabi, "Baba Dokta, mutanen ne muke tausayi."

Harara ɗaya ya yi mata, ta ja bakinta.

Amma ga abin da ya ɓoye wa kowa. Tun ƙarshen damina hannunsa na dama ya fara rawa. Ya daina shan shayi a ofis saboda cokali yana ƙara a jikin kofin. Manyan ayyuka kuwa sai ya tura wa ƙananan likitoci, wai don su goge. Ba raina na'urar yake ba, tsoronta yake ji. Ɗalibi kana daka masa tsawa ya sunkuyar da kai, ita kuwa ba ta san furfura ba.

Ana nan sai ga amininsa Apollos daga Damare, kumatu a kumbure. Tare suka yi sakandare. Apollos ya yi ritaya daga koyarwa, abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne ƙahon da yake busawa a coci duk Lahadi.

Hoto ya nuna haƙorin ƙarshe na ƙasa ya ruɓe, saiwarsa tana jingine da jijiyar leɓe. In aka yanke ta, leɓen zai mutu, mai yiwuwa har abada.

Apollos ya ce, "Ni fa ba na son yaran nan. Kai za ka yi mini, Bobboyi."

Girman kai ya amsa kafin hankali ya iso. "Alhamis da safe," in ji Dokta.

Fibi ta ce ta ɗora hoton bakin Apollos a na'urar, ko zai gwada tukuna. Ya tambaye ta ko an haife ta ranar da ya cire haƙorinsa na farko.

Ranar Laraba da rana, da kowa ya tafi cin abinci, ya saci jiki ya shiga ɗakin na'urar. Ya sa lambarsa da bai taɓa amfani da ita ba. Ga bakin Apollos a allo, ga jijiyar siririya kamar zaren ɗinki.

Ya fara a hankali. Yana dab da saiwar, hannun ya yi fizga ɗaya. Allon ya yi ja.

Ya ce na'urar ce ba ta da saiti. Ya sake, ya riƙe numfashi, ja. Karo na uku ya tallafe hannun da na hagu yana salati, duk da haka ja. Zufa ta jiƙa masa riga alhali ɗakin da sanyi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya ga gobe da idonsa. Ya hau danne-danne yana neman yadda zai goge sunansa, sai ya ji motsi a bayansa.

Fibi ce, riƙe da ledar abinci. Ta kalli allon, ta kalli hannun, ta mai da ƙofa ta rufe.

"Baba, na'uran nan ba ya kai ƙara. Ni ma ba zan kai ba," in ji ta. "Sau ashirin na gwada, sau bakwai na yanke jijiyan nan kafin na gane hanya. Amma gobe ba allo ba ne."

Ya tashi ya fita.

Alhamis da safe Apollos ya kwanta a kujera, an yi masa allurar kashe zafi. Dokta Bobboyi ya sa safar hannu ya ɗauki injin huda haƙori. Har yanzu yana gaya wa kansa sabo zai fitar da shi. Fibi tana gefe, fuskarta duk ta canza.

Injin ya fara kuka. Apollos ya lumshe ido ya buɗe baki, hankalinsa kwance kamar mai jiran aski. Wannan yardar ce ta karya Dokta. Ya ga bakin injin yana kaɗawa a saman dasashin amininsa, sai ya ɗauke ƙafa daga matakin injin, ɗakin ya yi tsit.

"Apollos, buɗe ido ka gani."

Ya miƙa hannun a gabansa, yana rawa a fili. Ma'aikatan ɗakin duk suka gani.

Apollos ya kalli hannun. Da harshe mai nauyi ya ce, "Da haka za ka shiga bakina?"

"Da haka. Ka yafe mini. Yarinyar nan ta yi aikinka sau ashirin a kwamfuta, ita za ta yi."

"To ka tsaya kusa. Kar ka tafi."

Bai tafi ba. Fibi tana aiki yana bin hannunta da ido. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce ta dakata, saiwar ta lanƙwasa ta ciki. Ta raba haƙorin biyu ta zaro shi.

Saura jira, don sai allura ta sake za a san ko leɓen yana raye. Awa uku Dokta yana zaune a benci kusa da amininsa. Can bayan azahar Apollos ya mintsini leɓensa, ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, da zafi."

Dokta Bobboyi ya rufe fuska ya yi kuka, bai damu da masu wucewa ba.

Ranar Litinin, kafin ya tafi ganin likitan jijiya, ya tara ɗalibai a ɗakin na'urar. Ya sa Fibi ta buɗo gwajinsa guda uku, sunansa ɓaro-ɓaro a sama. Ya ce, "Wannan aikina ne. A nan na kashe leɓen abokina sau uku, kuma jiya ya busa ƙahonsa kaɗan a coci. Kowa ya zauna ya yi kuskurensa a nan ya gama."

Bai ƙara riƙe injin a bakin mutum ba.

Darasi: Wanda ya ɓoye rauninsa don kare sunansa, jikin wani ne zai ɗauki ciwon. Kada girma ya hana ka gwada kanka a inda kuskure ba ya cutar da kowa, kuma kada ka raina gaskiya don ta fito daga bakin na ƙasa da kai. Ku tura wa duk wanda lafiyar mutane take hannunsa.