Motar Mani da Ɗanyar Fata

Akwai wani mahauci a birnin Sakkwato mai suna Mani, a zamanin da Turawa ba su daɗe da zama ba, lokacin da in mota ta wuce sai mutane su bar abin da suke yi su bi ta da kallo.

Mani ya san fata kamar yunwar cikinsa. Da fataucin fatu ya karɓe shi, sai ya sayar da shanunsa kaf, ya sayi wata tsohuwar motar kaya a hannun wani Balarabe, don ya riƙa kai fatu tashar jirgin ƙasa a Gusau. Ban da motar nan ba shi da komai, sai girman kai, wannan kam Allah ya hore masa.

Direbansa Ƙasimu tuƙi kawai ya iya. Abin da ke cikin injin, shi ma kallonsa yake yi.

Ranar da za a yi lodi da safe, sai aka ga ƙasa ta jiƙe sharkaf a ƙarƙashin mota. Nan fa kai ya ɗaure. Wani ya ce fitsari ta yi, ai duk abin hawa yana yi. Wani ya ce sammu ne. Wata tsohuwa ta ce a yi mata hayaƙi. Mani dai ya zagaya ta gaba, ya zagaya ta baya, bai gane komai ba, amma ya haɗe rai kamar mai nazari.

Ƙasimu ya ɗaga murfin injin ya lalubo. Ashe tiyo ne, robar nan da ke kai ruwa daga lagireto zuwa injin don kada ya yi zafi. Na sama ya tsage, na ƙasa ma duk ya tsattsage don tsufa.

Ya ce, "Maigida, wanga abu sai sabo. A aika Gusau a sawo, mu jira."

Mani ya ce, "Mu jira? Hwatu na jibge, mutane na kallo, in ce masu mi? Roba ta gagare ni?"

"To ni dai ban san wata dabara ba."

"Kai ba ka sani ba. Ni na sani."

Wallahi bai sani ba. Amma sai ya tuna yadda ake ɗaure ƙotar gatari da ɗanyar fata, in ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Ya aika mahauta aka kawo ɗanyar fatar bijimi, ya yanka ta siri-siri, ya naɗe tiyon nan biyu tsaf, naɗin gwani. Rana ta Sakkwato ta yi aikinta. Kafin washegari fata ta bushe ƙamas.

Aka ɗura ruwa. Ko ɗigo! Jama'a suka ɗau sowa, wani maroƙi ya fara kirari, Mani ya gyara hula.

Yayarsa Lantana, mai sayar da abinci a bakin kasuwa, ta leƙo ta duba, ta ce, "Mani, ruwan ga da ka zuba, in ana tahiya sanyi shika zama ko zahi?"

Mani bai taɓa tunanin wannan ba. Ƙasimu ya buɗe baki zai yi magana, Mani ya daka masa harara. A gaban maroƙi zai tambayi direbansa? Ya ce, "Yaya, ki koma wurin tukunyarki. Wanga aikin maza na."

Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ta juya.

Suka kama hanya. Ba su yi wani nisa da gari ba, sai ƙamshi ya fara shigowa. Mani ya shaƙa, ya ce, "Ƙasimu, wa ka dahuwar ganda cikin dajin ga?"

Suka duba dama, suka duba hagu. Ba gida, ba hayaƙi, ba kowa. Suka ƙara gaba, ƙamshi ya biyo su, har ma ya ƙaru. Ƙasimu ya fara karanto addu'a, don ya ɗauka girkin mutanen ɓoye ne. Mani kuwa ya rasa abin da ke masa daɗi, ga tsoro, ga yawu na tsinkewa.

Ƙasimu ya ce, "Maigida, mu tsaya mu duba."

"A nan? Inda ba mu san masu girkin ba? Taka ta!"

Ya taka. Tururi ya turnuƙe gaban mota, injin ya yi ƙwaram, ƙwaram, ya yi wani irin gurnani, ya yi shiru.

Da aka ɗaga murfi, sai ga fatar da Mani ya naɗa ta kumbura, ta yi laushi luguf, tana rawa, gishiri da yaji kawai ta rasa. Ruwa duk ya tsiyaye. Mutumin da ya tashi cikin mahauta, wanda ya san abin da tafasasshen ruwa ke yi wa fata tun yana yaro, ya tsaya baki buɗe yana kallon gandar da ya dafa da hannunsa.

Da shanun aro aka jawo motar zuwa gida. Wannan karon Mani bai yi musu ba, ya aika Gusau. Sabon tiyo ya iso, Ƙasimu ya cire tsofaffin, ya kankare bakin ƙarfen, ya sa sababbi ya ɗaure tamau. Aka ɗura ruwa, bai zuba ba.

Mani ya kama ƙarfen da ake juyawa a tayar da mota. Ƙarfe ya ƙi motsi. Ya sa ƙarfinsa duka, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko gezau. Zafi ya riga ya ƙone injin, ya liƙe shi.

Ya saki ƙarfen ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba, ya ce, "Ƙasimu, ranar nan da Yaya ta yi tambaya, mi ka so ka ce?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Zahi shika yi, Maigida. Tahwasa shikai."

Darasi: Jama'a, cewa "ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Tambaya ɗaya Mani ya ji kunyar yi, ya rasa dukiyarsa duka. Gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a ta wani, kuma wanda ya yi maka tambaya ba raina ka ya yi ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wancan da ba a taɓa jin ya ce bai sani ba.