Ranar Da Malam Zakari Ya Sa Fowil

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ban san sunansa ba, tun zamanin da saƙo ke tafiya a bakin matafiya. Sunansa Malam Zakari. Direba ne da ya tsufa a kan hanya, ya ajiye aiki, ya zauna a gidansa na ƙarshen gari, inda daga shi sai gonaki. Matarsa ta rasu. 'Ya'yan da suka haifa duk sun koma tun suna ƙanana, sai guda ɗaya, Ladidi, ita ma ta yi aure a wani ƙauye can bayan fadama. To, ku dubi wannan gida. Shi zai hura wuta, shi zai dafa, shi zai ci, shi zai wanke kwanon. In ya yi tari ba mai ce masa sannu. In ya dawo daga masallaci yakan yi sallama a ƙofa, don sabo, ya ɗan tsaya, sannan ya shiga.

Abin da ya mallaka bayan gidan shi ne wata tsohuwar jif da maigidansa ya bar masa ranar da suka rabu.

A nan sai na ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san mota ba, Allah Ya sa in faɗa daidai. Irin wannan mota tana da wani ɗan ƙaramin sanda kusa da sandan giya. In ba a taɓa shi ba, tayoyin baya kaɗai ke tura mota. In aka ja shi, tayoyi huɗun duka su kama aiki. Shi ne direbobi ke kira fowil. Don laka aka yi shi, da yashi, da hawa mai santsi, wato duk inda ƙasa ke sakin taya. A kan busasshiyar kwalta kuwa cuta ne ga mota. Tayoyin gaba da na baya kowanne da irin juyin da yake so, musamman a kwana, ita kuma kwalta ta riƙe su gam, ba ta barin ko ɗaya ya ɗan zame. Sai ƙarafan ciki su yi ta murɗe juna har wani ya karye. Ku riƙe wannan.

Ana nan, cikin tsakiyar damina, wani mai tallan kifi ya zo wa Malam Zakari da saƙo biyu a baki guda. Ladidi ta haihu, namiji, haihuwar fari. Sannan washegarin suna mijinta zai ɗebe su su tafi kudu mai nisa inda ya sami aiki, ta wata hanya da ke fita daga bayan ƙauyen, ba ta wannan gari ba. Ladidi ta ce a gaya wa Baba ya zo, ko yaya ne ya zo, don ba ta san ranar dawowa ba.

Malam Zakari ya kai motar wurin Ilu bakanike. Ilu ya kwanta ƙarƙashinta ya daɗe yana ƙwanƙwasa, ya fito yana goge hannu yana dariya, ya ce shi fa kunyar motar nan yake ji, don ta girme shi, ko gaishe ta zai yi sai ya durƙusa. Da dariya ta lafa sai ya faɗi gaskiya: haƙoran fowil ɗin sun cinye, kuma irinsu ba a samu kuma a kasuwa.

"Baba, za ta kai ka, in ka lallaɓa ta," in ji Ilu. "Kanta kaɗai za ta iya ɗauka a cikin laka. Amma na san halinka. In ka ɗaura mata wata motar, ka yi sallama da fowil, kar ka zo kana kallona."

Ruwa ya yi ta zuba a makon nan, bai ba shi hanya ba sai ranar sunan kanta. Ya san raɗin suna ya wuce shi, amma ya ce ba komai, yinin ya ishe shi: ya ga 'yarsa, ya ɗauki jikansa, ya sa musu albarka. Ya zuba buhun gero a baya, da turmin atamfa, da 'yar hular jariri da ya yi ta juyawa a kasuwa kafin ya saya, don bai san girman kan jariri ba kuma. Ya kama hanya. Duk tsawon kwalta bai taɓa ɗan sandan nan ba. Sai da ya sauka, tayoyi suka taka jar laka, sannan ya tsaya, ya yi bisimilla, ya ja shi a hankali kamar mai tashin maras lafiya.

Ku saurara, nan ne jarrabawar take.

A bakin fadama hanya ta rabu. Dama ta nufi ƙauyen Ladidi. Hagu ta nufi wani ƙauye dabam, a kan tudu. Kuma a kan ta hagun, cikin kwari, ga wata jif ta nutse har gindi, ga wani saurayi a tsaye gefenta, laka har gwiwa, bai ɗaga hannu ba, bai yi kira ba. Kallon ƙasa kawai yake yi.

Malam Zakari ya tsaya. Ya sauka ya yi sallama. Saurayin, Nafi'u sunansa, ya amsa da ƙyar, ya nuna bayan motar da haɓa. Malam ya leƙa, ya ga mutum kwance an lulluɓe shi da zane tun daga kai har ƙafa. Mahaifin Nafi'u ne. A asibitin birni ya cika da safen nan, kuma ya bar wasiyya a kai shi gida. Nafi'u yaron shago ne, motar ta maigidansa ce, don tausayi ya ba shi aro. Maigidan ya ce masa in ya isa laka ya sa fowil. Shi kuma tuƙinsa bai yi nisa ba, yana tsoron kada ya isa wurin ya rasa yadda ake sawa, sai ya roƙi wani direba ya sa masa tun a ƙofar asibiti. Haka ya taho da shi duk tsawon kwalta. Ya ce tun a hanya sitiyari ya yi nauyi, mota na kuka a kowace kwana, ya ɗauka nauyin gawa ne. Yana shiga laka ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashi. Inji na ƙara, mota ba ta motsi.

"Baba, ni na ɓata ta, ko?"

Malam Zakari ya san amsar. Ya dubi idon yaron ya ce, "Ɗana, mu kai mahaifinka tukuna. Maganar mota tana nan, ba inda za ta."

To, jama'a, akwai alheri mai sauƙi a gabansa, kuma ba wanda zai zarge shi in ya ɗauke shi. Ya sa gawar a motarsa, ya kai ta tudu, ya juyo, kafin la'asar yana wurin 'yarsa. Zuciyarsa ta gaya masa haka, ta sake gaya masa. Amma tsohon direba ne. Ya dubi ciyawar bakin kwari ya ga inda ruwa ya kwantar da ita, ya dubi gabas ya ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ya san kafin magariba kwarin nan zai cika ya shanye motar. Yaron nan zai rasa uba da safe, da yamma ya rasa amanar maigidansa, da aikinsa, da fuskar da zai koma birni da ita.

Ya dubi hanyar dama, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko igiya.

Suka mayar da gero da atamfa kujerar gaba, suka kwantar da mamacin a motar Malam, don in igiya ta tsinke kada ta tsinke da shi. Ya ɗaura igiyar a jikin ƙarfen ƙarƙashin motar Nafi'u, ba a bamban gaba mai saurin cirewa ba. Ya gaya wa Nafi'u ya cire giya, ya fitar da fowil ɗinsa, ya riƙe sitiyari, idonsa a kan igiya: kada ya bari ta yi sako-sako, in sun zo gangara ya taka burki kaɗan-kaɗan. Shi kuma ya sa giyar ƙarfi, ya matsa har igiya ta miƙe, bai fizga ba. A hankali, a hankali, laka ta saki.

Haka suka tafi, mota na jan mota, ba kowa a fadamar sai balbelu. Kuma mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi ba mai zama kusa da shi, yau ga shi da fasinja. Duk ramin da suka faɗa sai ya waiwaya ya ce wa mamacin, "Sannu, Malam, yi haƙuri, mun kusa." Har labarin jikansa ya ba shi. Ya ce masa namiji ne, bai gan shi ba tukuna, an ce wai goshinsa ya ɗauko, Allah Ya sa ƙarya ake yi wa yaro.

Da suka hau wani wuri mai tsakuwa, busasshe, sai ya tsaya ya cire fowil. Nafi'u ya leƙo ta taga yana tambaya ko lafiya, ga hadari na matsowa. Malam ya ce lafiya lau, nan ƙasa ta riƙe taya, baya kaɗai ta isa ko da ana jan kaya. Da suka sake shiga laka ya mayar. Haka ya yi ta yi, sa, cire, sa, cire, yana tattalin ɗan abin da ya rage wa tsohuwar, ko Allah zai sa ya rage masa na komawa.

Bai rage ba. A hawan ƙarshe, inda ake fita kwari a hau tudun ƙauyen, santsi ya yi yawa, nauyi ya yi yawa. Motar ta yi gurnani, ta kama ƙasa da tayoyi huɗu, ta hau, ta hau, sai ya ji ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa kamar ana niƙa tsakuwa. Da ƙyar tayoyin baya suka ƙarasa su kan tudu. Ya ja ɗan sandan, ya tura shi, ya ji yana lilo kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ya kashe mota. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, mutanen da suka taho tarye suka ɗauka don mamacin yake faɗa.

Da shi aka yi wanka, da shi aka yi salla, da shi aka kai makwanci. Ana gama rufewa ruwa ya sauko. Kafin rana ta faɗi, inda motar Nafi'u ta tsaya da safe ya zama kogi. Bayan an natsa ya kira yaron gefe, inda ba kunnen kowa, ya gaya masa gaskiyar abin da ya karya motar, ya ce ya faɗa wa maigidansa yadda aka yi, kada ya rage komai, kuma kada ya ƙara sa fowil a kan kwalta. Bai gaya masa inda ya nufa ba. Nafi'u ya ga atamfa da 'yar hula, ya yi tambaya, Malam ya ce saƙo ne, zai kai.

Washegari, da ruwa ya ja baya, wani mai amalanken shanu ya ɗauke shi da kayansa suka zagaya, don motarsa ba za ta iya laka ba kuma. Shanu ba sa sauri, kun sani. Rana ta yi sama kafin su isa.

Ya tarar da gidan shiru, tsakar gida a share, manyan tukwanen suna a kife. Tsohuwar gidan, kakar mijin Ladidi, ita ta tare shi. Ta ce sun tafi tun da safe. Ta ce jiya Ladidi ta yini tana aika yara bakin hanya, yau kuma sai da mai mota ya gaji da yin oda kafin ta shiga, tana ta waiwaye. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗan kwano a rufe, soyayyen naman suna, ta ce Ladidi ta ware masa da hannunta, ta ce kada a ba kowa.

Ya zauna a bakin tabarma da kwanon a cinya. Da tsohuwar ta matsa, ya gaya mata abin da ya tsare shi. Ta tafa hannu ta ce, "Kai dai, Malam! Duk direbobin duniya sai kai? Ka bar naka jinin saboda wanda ko sunan kakansa ba ka sani ba?"

Ya ce, "Inna, da na wuce yaron nan, da wane hannu zan ɗauki jaririn?"

Ya buɗe kwanon, ya yi bisimilla, ya ci. Shi kaɗai ya ci, hawaye na sauka a gemunsa, ya gama ya ce alhamdulillahi. Ya bar wa tsohuwar geron da atamfar da hular, ko za a sami mai zuwa kudu. Waɗanda na ji labarin a wurinsu ba su ce ya sake ganin Ladidi ba, ni ma ba zan ƙara abin da ban ji ba.

Na san wasunku suna jira in ce ya koma gida ya tarar da sabuwar mota a ƙofa. Bai tarar ba. Ladansa yana wurin da ba a ɓatar da lada, kuma shi ya san haka tun lokacin da ya ɗauko igiya. Darasin ke nan, jama'a: alherin da bai ci maka komai ba kowa ma yana iya yi. Na gaske shi ne wanda ya tare ka a ranar da kake sauri zuwa ga abin da ranka ya fi so. Kuma ku lura, da Malam Zakari ya ƙone ƙarfin motarsa a kan kwalta, da bai sami abin da zai ja kowa da shi ba. Mu fa? Muryarmu, da lafiyarmu, da ɗan ikon da aka ba mu, a kan iyalinmu da na ƙasa da mu muke ƙarar da su, inda lallami kaɗai ya isa. In muka zo inda ɗan'uwa ya nutse, sai mu ce mun gaji, mu kau da kai, mu ce wani zai zo a bayanmu. Wata rana ba kowa a bayanka. Kai ne aka aiko. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, akwai wanda ka san ya nutse, bai ɗaga hannu ba, bai yi kira ba. Ka san shi, ka san ƙofarsa. Ka je.

Allah Ya ba mu ikon tsayawa inda ya kamata mu tsaya, Ya karɓi ɗan abin da muka bayar, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.